Kuɗin goron da ake yi wa Larabawa da Yahudawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, da wuya a zauna a majalisa ko a fito daga masallaci ba a yi zancen Falasɗinu ba, kuma hakan ya dace, domin duk wanda ya ga ana zaƙulo gawarwakin yara daga ƙarƙashin ɓaraguzan gidajensu bai ji zuciyarsa ta karaya ba, to ya binciki imaninsa. Ina cikin masu wannan baƙin ciki, kuma ba ni da shakka cewa Falasɗinawa su ne waɗanda aka ƙwace wa ƙasa. Abin da ke damuna shi ne yadda hirar takan ƙare. Sai wani ya ce ai Bayahude haka Allah ya halicce shi, wani ya ƙara da cewa gabar nan gado ce tun daga Annabi Isma'ila da Annabi Ishaƙa, kowa ya gyaɗa kai, a tashi. Idan kuma ka leƙa abin da magoya bayan Isra'ila ke rubutawa a intanet, sai ka tarar da ƙanwar wannan magana: wai Balarabe ba ya jin kowane yare sai na ƙarfi, wai jininsa ne ba ya son zaman lafiya. Maganganun nan biyu uwarsu ɗaya, kuma ina ganin dukkansu sun saɓa wa tarihi.

Mafi yawanmu a ƙasar Hausa ba mu taɓa haɗuwa da Bayahude ido da ido ba, jiyau ne mu ba ganau ba. Duk da haka sunan ya zama zagi a bakinmu, har mai rowa ko mai wayon tsiya a kasuwa akan ce masa Bayahude. Abin mamaki shi ne Larabawan da muka koyi adabi a wurinsu, idan suna son yabon mutum da cika alkawari, sai su ce ya fi Samau'al riƙon amana, alhali Samau'al ɗan Adiya Bayahude ne, mawaƙin zamanin jahiliyya daga Taima. Ruwayoyin adabi sun kawo cewa mawaƙi Imru'ul Ƙais ya ba shi ajiyar sulkuna, aka kewaye ganuwarsa aka ce ko ya miƙa ajiyar ko a kashe ɗansa, ya zaɓi ya rasa ɗan da ya ci amana. Al'ummar da ta mai da Bayahude ma'aunin amana a karin maganarta ba za a ce tun fil azal take kallonsa a matsayin maci amana ba.

Masu cewa gabar ta addini ce sukan kawo labarin Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da Khaibar, kuma babu mai musun waɗannan. Amma littattafan da suka ruwaito su, su ne kuma suka ruwaito yarjejeniyar Madina da ta bar wa Yahudawa addininsu, suka ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wafati sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa, suka ruwaito cewa ya miƙe tsaye da aka wuce da wata gawa, da aka ce masa ai gawar Bayahude ce sai ya ce, ashe ba rai ba ne? Faɗan da aka yi da waɗancan ƙabilu a kan laifuffuka ne sanannu da warware alkawari, kuma Alƙur'ani da kansa, a cikin Ali Imrana, bayan ya zargi wasu daga Ma'abota Littafi, sai ya ce ba duka suka zama ɗaya ba. Wanda ya ɗauki rabin ruwaya ya bar rabi bai yi wa ilimi adalci ba.

Ƙarnonin da suka biyo baya ma haka suke, akwai daɗi akwai ɗaci. Sa'id al-Fayyumi, babban malamin Yahudawa da ya rasu a shekarar 942, shi ya fassara Attaura zuwa Larabci domin jama'arsa Larabci suke ji. Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta babban littafinsa na falsafa, kuma likita ne a fadar gidan Salahuddin. Da Sifaniya ta kori Yahudawa a 1492, Sarkin Usmaniyya Bayazid na Biyu ne ya buɗe musu ƙofa, wasu kuma suka sauka a Fas da sauran biranen Magrib. Sai dai ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin yin hakan ma kuɗin goro ne. Bayahude a ƙasar Musulmi ɗan amana ne mai biyan jiziya, matsayinsa a doka bai kai na Musulmi ba, kuma an sami lokutan da aka zalunce shi, kamar kisan da aka yi a Garnaɗa a 1066 da tsanantawar daular Muwahhidun wadda ta sa iyalin Musa ɗan Maimun kansa suka bar Andalus. Mu ma muna da ɗan abin da ya haɗa mu da wannan tarihi. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, kafin zuwansa ya ba da fatawar rushe majami'ar Yahudawan Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, yana ganin sun ƙetare sharuɗɗan amana. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, su ma suka rabu. Ina girmama Shehu Maghili kamar yadda kowane almajiri a ƙasar nan yake girmama shi, amma abin lura shi ne mas'ala ce ta fiƙihu da malamai suka yi saɓani a kanta da hujjoji, kuma cikinsu akwai waɗanda suka tsaya tsayin daka cewa ba a taɓa ɗan amana.

Hoton Bayahude da ya fi yawo a hirarmu ta yau, wato mutumin da ke ɓoye a bayan labule yana juya bankuna da gwamnatoci da yaƙe-yaƙen duniya, daga Turai aka shigo da shi. A 1840 wani malamin Kirista ya ɓace a Dimashƙa, ƙaramin jakadan Faransa ya kama tsohon ƙazafin Turawa cewa Yahudawa na yanka mutane don su yi ibada da jininsu, aka kama Yahudawan garin aka azabtar da su har wasu suka mutu. Sarkin Usmaniyya Abdulmajid ne ya fitar da takardar umarni a wannan shekara yana ƙaryata ƙazafin. Haka nan littafin nan da ake kira Furotokol na Dattawan Sahyoniya, wanda har yau ake kafa hujja da shi a wasu wa'azozi, a Rasha aka fara buga shi a 1903, kuma a 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna, shafi da shafi, cewa an kwafo shi ne daga wani littafin Faransanci na 1864 da Maurice Joly ya rubuta yana sukar Napoleon na Uku, littafin da babu ruwansa da Yahudawa. 'Yan Nazi sun yi amfani da shi, an kuma fassara shi zuwa Larabci, ya sami kasuwa saboda mutanen da aka ci da yaƙi suna neman bayanin da zai sanyaya musu rai. Kundin Hamas na 1988 ya ambace shi, amma takardar da ƙungiyar ta fitar a 2017 ta ce faɗanta da aƙidar Sahyoniya take yi, ba da Yahudawa saboda addininsu ba. Idan waɗanda ke tsakiyar wutar sun ga dalilin yin wannan bambanci a rubuce, ban ga abin da zai hana mu da ke nesa yin sa ba.

Hoton Balarabe a idon Yahudawan da suka fara ƙaura zuwa Falasɗinu shi ma a Turai aka zana shi, da irin fentin da Turawan mulkin mallaka suka zana mu da shi. An riƙa cewa ƙasa ce marar jama'a da za a ba jama'a marasa ƙasa, kamar dai manoman zaitun na Nablus da masu lemon Yafa iska ce. Tun a 1891 wani marubucinsu daga Rasha, Ahad Ha'am, ya ziyarci ƙasar ya koma ya gargaɗi 'yan'uwansa cewa babban kuskure ne su ɗauka Larabawa jahilan sahara ne da ba su fahimtar abin da ke gudana, ya ce da wuya a sami ƙasar noma da ba a nomawa, ya kuma koka da wulaƙancin da wasu baƙin ke yi wa 'yan ƙasa. A 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya aika wasiƙa da ta isa hannun Theodor Herzl, jagoran masu neman kafa ƙasar Yahudawa, inda ya amince cewa Yahudawa suna da tarihi a ƙasar, amma ya ce akwai mutane a cikinta, ya roƙa don Allah a ƙyale Falasɗinu. Ba a saurari ko ɗaya daga cikinsu ba. Birtaniya ta yi alkawarin Balfour a 1917, wato na goyon bayan samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, alhali ƙidayar da ita kanta ta yi a 1922 ta nuna Yahudawa kimanin kashi 11 cikin ɗari ne na mazauna ƙasar. Har a 1969 Golda Meir, tana firaminista, cewa ta yi babu wata al'umma da ake kira Falasɗinawa. Wannan shi ne mafi munin kuɗin goro, a ce ma babu kai, domin wanda babu shi ba shi da gonar da za a ce an ƙwace.

Shekarar 1948 ita ce ta kulle kowa a ɗakinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar raba ƙasar a watan Nuwamba na 1947, ta ware fiye da rabi ga Yahudawa waɗanda a lokacin kimanin sulusin jama'a ne, Larabawa suka ƙi, yaƙi ya biyo baya. Falasɗinawa sama da 700,000 suka gudu ko aka kore su, aka hana su komawa, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Abin da ɗan Isra'ila ke kira yaƙin 'yanci shi Bafalasɗine ke kira Nakba, wato babbar musiba. Shi Bayahuden ya fito ne daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa mutanensa miliyan 6, saboda haka duk wata barazana daga bakin Balarabe sai ya ji ta kamar Hitler ne ya dawo, kuma ba ya manta cewa Muftin Ƙudus Amin al-Husaini ya gana da Hitler a 1941. Shi kuma Bafalasɗine tambayarsa ita ce, laifin da aka yi a Jamus da Folan, don me za a biya diyyarsa da gidan kakansa? Tambaya ce ta gaskiya da har yau ba a ba shi amsarta ba. Sai dai wasu, maimakon su tsaya a kanta, sai suka koma musun cewa an yi kisan ma, abin da Edward Said, Bafalasɗinen da ya ƙare rayuwarsa yana kare mutanensa, ya gargaɗi Larabawa a kansa.

Akwai wata asara da ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ita ta fi ƙarfafa wannan kallon hadarin kaji. Kafin 1948 Yahudawa kimanin 800,000 ne ke zaune a ƙasashen Larabawa, akasarinsu Larabci ne harshen uwarsu. A farkon ƙarni na ashirin sun kai sulusin mutanen Bagadaza ko fiye, kuma ministan kuɗi na farko a Iraƙi, Sasun Haskel, Bayahude ne, ana tuna shi da dagewar da ya yi cewa a biya Iraƙi kuɗin man fetur ɗinta bisa ƙimar zinare. Saleh da Dawud al-Kuwaiti, waɗanda suka tsara waƙoƙin da Iraƙawa ke rerawa har gobe, Yahudawa ne. A watan Yuni na 1941 aka yi tarzomar Farhud a Bagadaza aka kashe kimanin 180 daga cikinsu, ko da yake maƙwabta Musulmi da yawa sun ɓoye nasu maƙwabtan. A 1950 gwamnatin Iraƙi ta ba su damar fita bisa sharaɗin su ajiye takardar zama ɗan ƙasa, a 1951 ta riƙe dukiyoyinsu, mutum kimanin 120,000 suka tafi. Na Yaman kusan 49,000 aka kwashe ta jirgin sama tsakanin 1949 da 1950, Masar ta kori da dama bayan yaƙin Suwes na 1956, na Maroko da suka kai kimanin 250,000 suka riƙa zarewa sannu a hankali. Tsoro da dokokin gwamnatocin Larabawa da zugar wakilan Sahyoniya duk sun taru a kan wannan ƙaura. Da suka isa Isra'ila aka zuba su a sansanonin tantuna, 'yan'uwansu na Turai suka raina su saboda kamanninsu da Larabawa, har 'ya'yansu suka riƙa jin kunyar Larabcin iyayensu. Mutanen da ya kamata su zama masu shiga tsakani, waɗanda suka san gidajen biyu ciki da waje, su ne aka tilasta wa zaɓar gida ɗaya. Yaron Bagadaza ko San'a na yau ya tashi bai taɓa ganin maƙwabci Bayahude ba, kamar mu.

A ƙasar Falasɗinu kanta rabuwar ta fi tsanani. Tun da aka fara gina katangar Gaɓar Yamma a 2002 aka kuma killace Gaza a 2007, saurayin Bafalasɗine bai san Bayahude ba sai soja a shingen bincike, ko ɗan kama wuri zauna da ya sare masa zaitun, ko jirgin da ke ruwan wuta. Saurayin Isra'ila shi ma bai san Bafalasɗine ba sai ta ramin bindiga ko ta labarin harin bam a motar haya. Wani bincike da aka fitar a 2013 kan littattafan makarantun ɓangarorin biyu, wanda Sami Adwan na Jami'ar Baitalami da Daniel Bar-Tal na Jami'ar Tel Abib suka jagoranta, ya gano cewa zagi ƙarara ba shi da yawa a cikinsu, amma kowane ɓangare yana koya wa yaransa cewa shi ne kawai aka zalunta, kuma mafi yawan taswirorin ba sa nuna cewa ɗayan yana nan. Garin Khalil misali ne. Yaron Isra'ila ya san cewa a watan Agusta na 1929 an kashe Yahudawa 67 a garin, amma ba a cika gaya masa cewa ɗaruruwa sun tsira ne a gidajen Larabawa da suka ɓoye su ba. Yaron Falasɗinu ya san cewa a watan Fabrairu na 1994, cikin Ramadan, Baruch Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim ya harbe masallata 29 suna sallar asuba. Gari ɗaya, kabarin kaka ɗaya, amma kowa da ranar da yake makoki.

Irin wannan tarbiyya ita ke sauƙaƙa kisa. A ranar 7 ga Oktoba 2023 an kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, akasarinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kimanin 250, kuma ban san wata ƙa'idar yaƙi a Musulunci da ta halatta kashe mace da yaro da tsoho ba. Kwana biyu bayan haka ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya ce da dabbobi masu siffar mutane suke yaƙi, ya sanar da yanke wa Gaza abinci da wuta da mai, abin da ya biyo baya kuwa shi ne mutuwar dubun-dubatar mutane da rushewar asibitoci da makarantu da yunwa. 'Yan Isra'ila masu jerin gwanon tuta a Ƙudus suna rera mutuwa ga Larabawa, taken 'yan Houthi na Yaman yana ɗauke da tsinuwa ga Yahudawa. Ba ina cewa ƙarfin ɓangarorin ɗaya ne ba. Ɗaya yana da jiragen yaƙi da goyon bayan Amurka, ɗaya yana ƙarƙashin mamaya tun 1967, mamayar da Kotun Duniya ta ce a watan Yuli na 2024 ta saɓa wa doka. Daidai wannan ne ya sa nake ganin mai da rikicin zancen jini da halitta cutar da Falasɗinawa yake yi, domin ƙararsu a kan ƙasa ce da ruwa da 'yancin komawa gida, abubuwan da ake iya aunawa a yi hukunci. Da zarar an ce gaba ce ta gado, an ba mai mamaya hujjar da yake nema, cewa ko me ya yi ba za a daina ƙinsa ba, don haka babu amfanin ya janye.

Kuma kuɗin goro yana rufe mana ido daga mutanen da ya kamata mu sani. Ƙungiyar B'Tselem, wadda Yahudawan Isra'ila suka kafa a 1989, ita ce ta fito a 2021 ta kira tsarin ƙasarta mulkin wariya. Yitzhak Rabin, firaministan Isra'ila da ya ƙulla yarjejeniyar sulhu ta Oslo da Falasɗinawa, Bayahude ne ya harbe shi a 1995. Rami Elhanan, ɗan Isra'ila, ya rasa 'yarsa a harin ƙunar baƙin wake a Ƙudus a 1997, Bassam Aramin, Bafalasɗine, wanda ya yi shekara bakwai a kurkukun Isra'ila, ya rasa tasa 'yar mai shekara goma a 2007 da harsashin jami'in tsaron kan iyaka, yau kuma su biyun tare suke yawo suna kira da a kawo ƙarshen mamaya. A nan gida kuma, inda wasu suka mai da rikicin wani reshe na saɓaninmu na Musulmi da Kirista, yana da kyau a tuna cewa akwai Falasɗinawa Kiristoci da mamayar ba ta ƙyale ba, kuma 'yar jarida Shirin Abu Aƙila da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce.

Saboda haka, ya Edita, roƙona gare ka da sauran masu aikin jarida da Hausa shi ne a riƙa kiran mai laifi da sunansa. Idan sojojin Isra'ila ne suka jefa bam, a rubuta sojojin Isra'ila, idan gwamnatin Netanyahu ce ta hana shigar da abinci, a rubuta haka, idan 'yan kama wuri zauna ne suka ƙona ƙauye, a ce su ne, a daina kanun labari irin na "Yahudawa sun kashe", kamar yadda mu ma ba ma yarda a rubuta "Musulmi sun kashe" idan 'yan Boko Haram suka yi ta'asa. Ina kuma roƙon a daina buga maganganun da aka tsamo daga littafin jabun da na ambata ba tare da an faɗa wa mai karatu asalinsa ba, a kuma ware shafi lokaci-lokaci domin tarihin ƙauyukan da aka rushe a 1948 da na Yahudawan Bagadaza da Fas, domin ɗalibanmu su karanta su da harshensu.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Zariya.